Kabewar Gyauro

Ƙarar injin markaɗe ce ke tashina daga barci yanzu, ba carar zakara ba. Da an kawo wuta da sassafe, autata takan ruga kicin kamar wadda aka biyo, don ta san masu wutar nan ba su da alkawari, sai ka ji gida ya ɗauki ruri. Kabewa take niƙa wa ɗanta, wanda ya shiga wata na bakwai. Tun da gwiwa ta fara ba ni wahala nake zaune a wurinta a nan Barnawa cikin Kaduna, ɗakina kuma yana manne da kicin, saboda haka duk abin da ake yi a can a kunnena ake yin sa. Yankakkiya take sayo kabewar a kasuwa, a ƙulle cikin leda. Ta fere, ta yayyanka ƙanana, ta turara a wata tukunya mai hawa biyu, wayarta tana jingine da gwangwanin madara, wata baturiya a ciki tana ta zuba mata bayani. In ta niƙa sai ta zuzzuba a 'yan robobi masu murfi, ta rubuta rana a jikin kowace, ta jera a firij. Abincin mako guda ke nan, in janareto bai ba ta kunya ba. Ba gishiri, ba man ja, ba ko ɗan garin ƙuli. Na taɓa tambayar ta laifin da yaron ya yi aka yanke masa wannan hukunci. Ta yi dariya ta ce, “Mama, ke dai ba kya rabo da tsokana. Yanzu ba a sa musu gishiri sai sun shekara.” Na ce to, Allah ya ba da sa'a. Yaron dai yana ci, kumatunsa sun fi nawa, don haka ba ni da ta cewa.

Ba na sa baki a girkin nan, ido ne nawa. Mijinta yana ganin kamar kawaici ne irin na surukai, har yakan yaba mini a gaban baƙi. Ba kawaici ba ne. 'Ya'ya biyar na haifa, huɗu suka girma, kuma wanda bai girma ba shi ne na fari. Shi ma yana cikin wata na bakwai na fara dafa masa kabewa. Ƙannensa sun san an yi musu wa da ya rasu yana goye, sun san a Kakuri aka yi, iyakar abin da suka sani ke nan. Wani lokaci autar takan leƙo ɗakina da cokali a hannu ta ce, “Wai Mama, ku a da yaya kuke yi ba inji ba firij?” Sai in ba ta labarin ludayi da rariya, ta yi ta mamaki, in tsaya a nan. Amma duk safiyar da ƙanshin kabewa ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa, can baya nake komawa, ko ina so ko ba na so.

A garinmu, can cikin duwatsun kudancin jihar nan, duk wadda aka ga ta sayi kabewa sai an yi da ita a rafi. Da ruwa ya zauna ake tura 'ya'yanta a gindin danga, ita kuma ta kama gabanta, ta hau rumbu, ta hau jinkar ɗaki, ta tsallaka gidan maƙwabta ta haihu a can, a yi ta gardamar ta wane ce. Da kaka za ka ga an jera su a ƙarƙashin rumbu, wata ma yarinya ba ta iya ɗaga ta. Abin da kunnena ya fi riƙewa na lokacin nan shi ne ƙarar fasawa. Tsohuwarmu ta ɗora wuƙa, ta buga da muciya, ka ji ƙwas, aladu a bayan danga su ɗauki gurnani don sun san ɓawo nasu ne. Mu yara 'ya'yan cikin muke jira, mu wanke, mu shanya a kan dutse, mu soya a kasko, mu yi ta faɗa a kan rabo. In ta ɗan goye ce, ba a haɗa ta da miya. Ana zuba ta a tsohuwar ƙwarya mai huji, a ɗora a bakin tukunyar da ke tafasa, a rufe da ganyen ayaba har ta yi laushi. Sai a murƙushe da bayan ludayi a cikin ƙoƙo, a tace ta rariya, a dama da ɗan kunun acca, a ɗiga man ja. Ba a ajiye ta kwana, wanda yaro ya rage na yayyensa ne. Da yatsa ake bayarwa, uwa tana zaune a kan turmin da aka kwantar, ƙararrawar majami'a tana bugawa daga nesa, wadda ba komai ba ce illa tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a jikin mangwaro.

Akwai abu ɗaya da tsohuwarmu ba ta tsallakewa. Da ta fasa kabewa, kafin ta fere, sai ta yanko ɗan siriri ɗanye ta ɗora a harshe, ta yi shiru tana kallon sama kamar mai sauraron kira. In ta dahu ta sake lasa. In za ta kai bakin yaro ta sake. Takan ce mini, “Ki ci tukuna. In bakinki ya karɓa, sannan ki ba shi.” Sau ɗaya tak a duk ƙuruciyata na ga ta tofar, ta kuskure baki, ta ce a kai kabewar rami a binne, kada ma a ba aladu. Ta ce gyauro ce, wato wadda ta tsiro da kanta ba wanda ya shuka, kuma irin wannan in ta tashi kusa da duma takan ɗauko ɗacinsa ta zama guba. A ido ba a ganewa, a hanci ba a ji. Da yake sau ɗaya ne cikin shekaru masu yawa, ni sai na sa lasar nan a jerin halayen tsofaffi, irin su yi wa kaji faɗa da neman tsintsiyar da ke hannunsu.

Wani abin kuma da aka iya a garinmu shi ne ɗura. In yaro ya ƙi abinci ba a zama lallashi, gona tana jira. Uwa ta kwantar da shi a cinya, kai ya ɗan yi ƙasa, ta tara tafin hannu a bakinsa ta cika da kunu, ta toshe masa hanci da yatsa. In ya buɗe baki zai ja numfashi sai kunun ya wuce. Yana kuka, yana shure-shure, ƙoƙo yana raguwa. Mu duka an yi mana, ni ma na yi wa ƙannena tun ban isa aure ba, har ana yaba hannuna.

Aure ne ya kawo ni Kaduna. Maigidan yana aiki a masaƙa, muka kama ɗaki ɗaya a wani gidan haya a Kakuri, ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo ɗaya, makewayi biyu, igiyar shanya ta kowa da kowa. Wanda ya san Kakuri ta yau, da masaƙu suka yi shiru ciyawa ta cinye harabarsu, ba zai yarda da abin da zan faɗa ba. Jiniyar masaƙa ce agogonmu. In ta yi kuka da safe, titi ya cika da kekuna, ƙararrawa ta ko'ina, maza da kwanon abinci ɗaure a bayan sirdi. In ta yi na rana, mata su san lokacin ɗora tukunya ya yi. Unguwar Narayi a lokacin gonaki ce, can muke zuwa itace da roron gyaɗa, yanzu kuwa in ɗan keke ya ratsa da ni ta can ba na gane ko lungu ɗaya. Ranar da na fara ganin ana yanka kabewa ƙanana ana kasawa a kasuwa, tsayawa na yi ina kallo har mai kayan ta tambaye ni ko lafiya. A gidanmu akwai mutanenmu na kudu, akwai wani bakanike Ibo da matarsa, akwai tela Bayarabe, akwai Hausawa. Ba a riga an raba gari biyu, Musulmi a can Kirista a nan, an sa kogi a tsakiya ba. Tuwon salla yana shigowa ɗakina, shinkafar Kirsimeti tana shiga nasu, ba wanda ya ɗauki wannan abin faɗa ne.

Ɗakin da ke kallon nawa na wata dattijuwa ce Bahaushiya, matar wani mai gadin masaƙa, kowa Goggo yake ce mata. 'Ya'yanta sun yi aure sun watse, sai jikoki da ake kawo mata ranar Juma'a. Ita ta koya mini kunna risho ba tare da na ƙone gira ba, ita ta koya mini taya kaya a kasuwa, ita ta yi mini wankan jego da na haihu, don tsohuwarmu ba ta samu barin gona ba. Amarya take kirana har na yi goyo, ba ta kuma canja ba. Mace ce mai kara ƙwarai. In ka ba ta abu, ko allura ce, sai ta yi godiya har ka ji kunya, kuma ban taɓa jin ta kushe abin hannun wani ba. A lokacin ina ganin wannan shi ne ƙarshen kyawun hali, har yau ma ban ce ba shi ba ne.

Ranar awo kuwa ranar ado ce. Mu ci kwalliya, mu goya yara da sabon zane, mu jeru a benci a ƙaramin asibitin unguwa, a rataya yaro a sikeli yana tsala ihu, a ɗiga alama a kati. Bayan awo akwai lacca. Wata nas ce mai fararen kaya da 'yar hula, 'yar gayu, Hausarta rabi Turanci, takan kunna risho a gabanmu ta nuna yadda ake haɗa abincin yara. Wata rana kabewa ta dafa, ta ce wata ta fito ta gwada ba ɗanta. Da yake ni na san kabewa tun ina rarrafe, na miƙe da rawar jiki, ina ganin yau ranata ce. Na ɗebo a cokali, na hura, na kai bakina na lasa, na nufi bakin yaro. Ban ankara ba nas ɗin ta fisge cokalin.

Ta ce, “Madam, me kike yi haka? Daga bakinki zuwa nasa? Kin san irin ƙwayoyin cutar da ke bakin nan?”

Na ce, “Sista, ɗanɗanawa na yi.”

Ta juya wajen sauran ta ɗaga cokalin sama. “Wannan ƙazantar ƙauye ita ke kashe muku yara. Ku dube ta da kyau, abin da na ce kada a yi ke nan.”

Mata suka kwashe da dariya, har da waɗanda na san a gida tauna abinci suke yi su sa wa yara a baki. Ta jefa cokalin a ruwan zafi, ta ci gaba da jero dokoki: a tafasa cokali, a wanke hannu da sabulu, ba hurawa, ba taunawa, ba ɗura. Na koma benci kunnuwana suna zafi. Ban riƙe ta a zuciya ba, aikinta take yi, kuma yawancin abin da ta faɗa gaskiya ne. Yanzu ina ganin autata da cokali biyu, ɗaya nata ɗaya na yaro, ta ɗanɗana da nata ta jefa a wurin wanke-wanke. Iyakar abin da nas ɗin take nufi ke nan. Amma ba ta faɗa haka ba, ni kuma ban tambaya ba, wa zai sake ɗaga hannu bayan wannan dariya. Matan yanzu malamai sun yi musu yawa, ga waya, ga likita, ga ƙawaye, in wannan bai yi musu ba su tambayi wancan. Mu malamai biyu gare mu, uwa a ƙauye da nas a birni, ba su taɓa ganin juna ba, kuma kowace tana ganin ɗayar ba ta san komai ba. Abin da na tafi da shi gida ran nan shi ne bakina ƙazanta ne, na kuma yi wa kaina alkawari ba zai sake kusantar abincin ɗana ba.

A wannan watan ne alamar katinsa ta daina hawa. Nonona ya ragu, ga shi ya yi zazzaɓi, ya ƙi koko. Yaro ne mai manyan idanu, mai son kama kunnen mutum, in ya ji jiniya sai ya tsaya cak da tsotso ya saurara. Wuyansa ya fara tsawo, ɗan abin hannun da Goggo ta sa masa ya fara zamewa har gwiwar hannu. A awo na gaba nas ɗin ta dubi kati ta dube ni, ta ce in bai ƙaru ba zuwa wata mai zuwa kwantar da shi za a yi. Ta ce in ba shi kabewa, in ba shi kullum. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi: yaron nan ya ci, ya ƙaru ko da kaɗan ne.

A bayan gidanmu akwai juji, inda kowa ke zubar da shara da ruwan wanke-wanke. Tun da damina wata kabewa ta tsiro a can ta bi katanga, ba wanda ya kula ta. Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar, ganyen ya ƙone, amma ta bar 'ya guda ɗaya babba a ɓoye cikin ciyawa. Ni na gano ta wata yamma ina zubar da toka. Murnar da na yi kamar an aiko mini da ita daga gida. Na san gyauro ce, ba zan ce ban sani ba. Sai dai maganar tsohuwarmu tana cikin kayan da na tattara na ajiye tun ranar cokali. Na fasa ta biyu, cikinta jawur gwanin sha'awa. Na rufe rabi sai gobe, na ɗora rabi a faifai na kai wa Goggo, don tun zuwana ita ke ba ni, ban taɓa samun abin kirki na ba ta ba. Ta yi ta sa albarka, ta ce wannan ai sai miyar taushe. Washegari da safe muka haɗu a famfo, mata sun yi layi, ita ta sha ado za ta suna a ƙetaren kogi. Na ce, “Goggo, yaya kabewar?” Ta ce, “Madalla, Amarya, an gode. Allah ya bar zumunci.” Ta ɗauki butarta ta wuce.

Ban taɓa girki mai tsabta irin na ranar nan ba. Na yanko kashi ɗaya daga rabina, na tura sauran ƙarƙashin gado. Na wanke hannu da sabulu kafin in fere, na sake wankewa bayan na fere. Na tafasa cokali, na tafasa kofi, na tafasa har rariyar. Na turara, na murƙushe, na tace sau biyu, ta fito sumul, launinta kamar gwaiduwar ƙwai. Da zan duba zafi, a bayan hannu na ɗiga kamar yadda aka nuna mana, na goge da tsumma. Har kau da fuska nake yi kada numfashina ya faɗa ciki. Na zaunar da yaron a cinya na kai cokali. Ya buɗe baki da sauri, don yana jin yunwa. Ya karɓa, ya yamutsa fuska, ya turo da harshe. Na sake kaiwa, ya kau da kai. Na yi masa waƙa, na kaɗa masa makullai, na fita da shi tsakar gida na nuna masa kaji na dawo. Ya datse baki yana kallona, hawaye suna zuba. Mun fi awa guda a haka. Gidan shiru, maza suna wurin aiki, mata sun tafi kasuwa.

Na tuna kati, na tuna gadon asibiti, na dubi wuyan nan nasa. Sai na ajiye cokalin, na ƙara ruwan ɗumi a kofin, na kwantar da shi a cinya. Nas ta hana ɗura kamar yadda ta hana lasa, a rana ɗaya, da baki ɗaya. Na sha tambayar kaina abin da ya sa na riƙe ɗaya na saki ɗaya. Amsar da na samu ba mai daɗi ba ce: a kan lasa aka yi mini dariya, ba a kan ɗura ba. Hannuna kuwa bai manta aikinsa ba. Ya yi kuka, ya yi shure-shure, kofin ya ƙare tas. Na share masa baki, na goya shi, na kama wanke-wanke raina fari. Na ce yau dai ya ci.

Kafin jiniyar rana ya fara amai. Kafin la'asar gudawa ta biyo, ruwa zalla, zane bayan zane. Na ba shi nono ya dawo da shi. Matar bakanike ce ta dawo daga kasuwa ta leƙo, ta shafa maɗigar kansa ta ji ta faɗa, ta ce in ɗauko shi yanzu-yanzu. Ita ta tsayar da tasi, ita ta aika masaƙa a kira maigidan. A babban asibiti suka yi ta neman jijiya, a hannu, a ƙafa, daga ƙarshe a kai suka samu, suka aske gefe guda suka sa masa ƙarin ruwa. Likita ya tambaye ni me ya ci. Na ce kabewa, na kuma jero masa duk abin da na wanke da wanda na tafasa. Ya gyaɗa kai ya ce na yi daidai, ba daga nan ba ne, lokaci ne na gudawar yara. Kwana biyu muka yi. Sun ce yaro mai jiki yakan jure irin wannan, shi kuwa ba shi da abin da zai jure da shi. A rana ta uku da hantsi, ina riƙe da ƙafarsa, ya cika.

A ranar aka binne shi. Fasto ya zo, matan zumunta suka zo da waƙoƙi. Goggo ta shimfiɗa tabarminta a tsakar gida ta karɓi masu gaisuwa kamar jikanta ne, ta dafa, ta raba, ba ta bari na taɓa ko tsintsiya ba. Kowa da abin da ya ce. Yawanci sun ce haƙori ne, haƙori yakan zo da gudawa. Wasu suka ce ruwan famfo. Maigidan ya ce kwanansa ne ya ƙare, ya koma aiki ranar Litinin don masaƙa ba ta jira. Ni kaina ban sani ba. Ɗurar ce take damuna, ina tunanin ko ta bi masa ta huhu, kuma ban faɗa wa kowa na yi ba.

Da baƙi suka watse, dole na koma girki. Ina share ƙarƙashin gado na jawo sauran kabewar. Bakin yankan ya fara lalacewa, amma ta wajen gindi da sauran kyau. Na ce bari in yi wa maigidan miya da ita kada ta tafi a banza. Na yanke inda ya lalace na zubar. Da yake wannan ba abincin yaro ba ne, ba dokar da ta hau kansa, hannuna ya yi abin da ya gani tun a gida ba tare da na sa shi ba. Ya yanko ɗan siriri ya kai harshe.

A rayuwata na sha maɗaci, na haɗiyi ƙwayar kinin ba ruwa, amma ban taɓa jin ɗaci irin wannan ba. Ya kama harshe, ya kama maƙogwaro, na kuskure baki sau uku yana nan. Ɗan abin da bai kai farce ba ke nan. Shi kofi guda na ɗura masa. Na zauna a ƙasa na daɗe. Ba kuka nake ba, ina dai ganin yadda ya buɗe baki da farko, da yadda ya datse daga baya yana kallona. Duk abin da ɗan wata bakwai zai iya yi don ya gaya wa mutum magana, ya yi.

Can sai na tuna da ɗaya rabin. Goggo ta ce madalla, amma ba ta ce ta dafa ba. In tana nan ajiye, gobe Juma'a ce, za a kawo mata jikoki. Na fita ba ko ɗankwali, wuƙar tana hannuna. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa a faifai.

Na ce, “Goggo, kabewar nan da na ba ki, in da saura kada ki dafa. Ɗaci gare ta.”

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ai na sani, Amarya. Tun a yammacin na yi miya da ita, tukunya guda na juye a kwata. Malam gayan tuwo ya ci da yaji.”

“Ba ki gaya mini ba.”

“Yaya zan yi in gaya miki? Kin kawo abu da murnarki, karo na farko, sai in tare ki a famfo gaban mutane in ce kyautarki ba ta ciwuwa? Na ce ai da kin ɗora a harshe za ki ji da kanki, ki zubar, ba wanda ya ji kunyar wani.”

Sai a lokacin ta ɗago. Ta dubi wuƙar, ta dubi fuskata, hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Ina tsaye na ga lokacin da abin ya faɗo mata.

Ta ce, “Ba dai ita kika ba yaron ba?”

Na dubi wuƙar da ke hannuna.

“A'a, ai da kin ji. Kin ɗanɗana kafin ki ba shi, ko ba haka ba? Amarya, kin ɗanɗana mana. Wace uwa ce ba ta ɗanɗanawa?”

Ba tuhumata take yi ba, roƙona take yi. Na dubi tsohuwar nan, na ga abin da gaskiyar za ta ɗora mata har ƙarshen ranta. Ni dai nawa na riga na ɗauka, raba shi biyu ba zai rage mini ba.

Na ce, “Ba ita ba ce, Goggo. Shi ta kasuwa na saya masa.”

Ta san ban taka kasuwa a makon nan ba, don tun da yaron ya fara zazzaɓi ita ke yi mini cefane. Ta ce, “To, alhamdu lillahi.” Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsinta. Ina tsaye ina gani, shinkafar take jefarwa, tana barin tsakuwar a faifai.